Ƙarfe 4 na asuba a bakin kwamin ninƙaya: Wahalar iyaye da ba a sa wa a bidiyo

Bidiyon da ya zaga duniya bai cika minti ɗaya ba. A watan Agustan 2016, a gasar Olamfik ta birnin Rio, wani matashi ɗan Birtaniya mai shekara 21, Adam Peaty, ya faɗa ruwa ya ninƙaya mita 100 da salon kwaɗo cikin daƙiƙa 57.13. Ya ci zinare, ya kafa tarihin duniya, ya kuma kawo ƙarshen jiran da ƙasarsa ta yi tun 1988 ba ta ga namiji ya ciyo mata zinare a ninƙayar Olamfik ba. Irin wannan gajeren bidiyon ne ke iso mana a waya, mu danna masa alamar so, mu wuce gaba.

Abin da ba ya shiga bidiyon shi ne shekarun da suka gabace shi. Hausawa suka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, to a harkar ninƙaya ta kulob-kulob ba yaro kaɗai ke cin gudun ba. Akwai mai tashinsa da asuba, da mai biyan kuɗin, da mai zama a benci awa shida don kallon tseren da bai wuce minti biyu ba. Mafi yawanci uwa ce ko uba.

Yaron da ke tsoron ruwa

Peaty ɗan auta ne a cikin 'ya'ya huɗu, a wani ƙaramin gari mai suna Uttoxeter a tsakiyar Ingila. Abin dariyar shi ne, yana ƙarami tsoron ruwa yake yi, ko wanka sai an sha kokawa da shi. Yana shekara 9 ya shiga ƙaramin kulob ɗin garinsu, Dove Valley. Da ya kai 14 ya koma kulob ɗin City of Derby, inda ya haɗu da kociyarsa Mel Marshall, wadda ita ma ta taɓa wakiltar Birtaniya a Olamfik.

Daga nan aikin ya faɗo kan mahaifiyarsa, Caroline. Derby wani gari ne daban, kuma atisayen farko da sassafe ake yin sa, kafin a tafi makaranta. Don haka ƙarfe 4 na asuba take tashi ta tuƙa shi, ta jira ya gama, ta dawo da shi, ta wuce wurin aikinta na kula da ƙananan yara, da yamma kuma a sake komawa. Gidan ba na masu hali ba ne, har ta kai maƙwabta suka riƙa haɗa ɗan abin da ya samu don taimaka musu da kuɗin zirga-zirga. Ba mako ɗaya aka yi ana haka ba, shekaru aka kwashe, kuma babu wanda ya ba su tabbacin cewa ƙarshen abin zinare ne.

Me ya sa sai da asuba?

Wani zai ce, to wai me ya hana a yi atisayen da rana? Amsar tana da sauƙi. Yawancin kulob-kulob ba su da kwamin kansu, haya suke yi a na gwamnati ko na makarantu. Da rana jama'ar gari na amfani da wurin, yaran kuma suna aji. Lokacin da ya rage shi ne sassafe da kuma bayan an tashi daga makaranta.

Sannan ninƙaya wasa ce mai cin lokaci. Yaron da ya fara da darasi sau ɗaya a mako, in ya nuna hazaƙa sai a ɗaga shi zuwa rukuni na gaba, kwanakin atisaye su ƙaru. Kafin ya gama sakandare, mai neman kaiwa matakin ƙasa zai iya shiga ruwa kusan kullum, wasu ranakun sau biyu, yana ninƙayar kilomitoci a kowane zama, ga motsa jiki a tudu. Ƙarshen mako kuma na gasa ne, sau da yawa a wani garin, da kwanan otal da cin abincin hanya.

Su kansu gasannin iyaye ne ke riƙe da su. Masu riƙe agogo a ƙarshen kowane layi, masu duba ko yaro ya taɓa bango daidai ƙa'ida, masu jera yara kafin a kira su, mafi yawansu iyaye ne da ke aikin sa kai. Ba su, ba gasa.

Ina kuɗin ke tafiya?

Daga nesa sai ka ɗauka ai ninƙaya ba ta buƙatar komai, ɗan wando ne da tabarau. Ina! Akwai kuɗin kulob na wata-wata, da na rajista da hukumar ƙasa, da kuɗin shiga kowane tsere ɗaya-ɗaya, da man mota. Akwai kayan tsere na musamman masu matse jiki, waɗanda guda ɗaya kan kai ɗaruruwan daloli, kuma ba sa jimawa suke saki. Abin ya yi yawa har hukumar ninƙaya ta Amurka, USA Swimming, ta hana yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa sa irin waɗannan kaya a yawancin gasanninta daga watan Satumban 2020, don kada tseren yara ya koma gasar aljihun iyaye.

Akwai kuma kuɗin da ba a lissafa shi da takarda: barcin da aka rasa, bukukuwan dangi da aka ƙi zuwa, da sauran 'yan uwan yaron da za su ga kamar duk hankalin gidan ya koma kan mutum ɗaya. Wannan na ƙarshen yakan bar tabo in ba a kula ba.

Uwar da ta san lokacin magana

Michael Phelps na Amurka shi ne ya fi kowa lambobi a tarihin Olamfik: 28, daga ciki 23 na zinare, takwas a Beijing kaɗai a 2008. Ya fara ninƙaya yana shekara 7 a Baltimore, yana bin sawun yayyensa mata biyu, Hilary da Whitney. Yana shekara 9 iyayensa suka rabu, kuma a yarintarsa likitoci suka gano yana da larurar nan ta rashin natsuwa wuri ɗaya da ake kira ADHD. Mahaifiyarsa Debbie, malamar makaranta, ita ta riƙe gidan.

Akwai labarin da ta sha bayarwa. Yana ɗan shekara 10 ya zo na biyu a wani tsere, haushi ya sa ya fizge tabaransa ya yi jifa da shi. Ba ta yi masa faɗa kan rashin zuwa na ɗaya ba, a kan halin da ya nuna ta yi masa magana. Sai suka ƙirƙiro wata alama tsakaninsu: in ta hango shi daga benci yana neman fusata, sai ta lanƙwasa hannunta kamar harafin C, ma'ana ya natsu. Batun yadda zai juya a bango ko tsawon da zai ninƙaya kuwa ta bar wa kocinsa Bob Bowman, wanda ya karɓe shi yana shekara 11.

Nan ne iyaye da yawa ke tuntuɓe. Yaro na da koci ɗaya a bakin ruwa, in ya shiga mota kuma ya tarar da koci na biyu riƙe da sitiyari, ya isa gida a ɗora daga inda aka tsaya. Yaron da ya sha kaye ya riga ya sani, allon sakamako ya faɗa masa. Abin da yake nema a wannan lokacin shi ne abinci, da tawul, da wanda ba zai sauya masa fuska ba.

Wannan ne ma ya sa duniya ta so Bert le Clos. A Landan a 2012, ɗansa Chad, ɗan Afirka ta Kudu mai shekara 20, ya doke Phelps a mita 200 salon malam-buɗe-littafi da tazarar kashi 5 cikin 100 na daƙiƙa. BBC ta yi hira da uban nan take, ya rikice don murna, yana ta nanata cewa abin ya wuce hankali, yana yabon kyan ɗansa. Hirar ta yaɗu kusan kamar tseren kansa, don mutane sun ga uba ne kawai yake kallon ɗansa.

Inda goyon baya ke komawa matsi

Kada a ɗauka labarin duk daɗi ne. Phelps ya fito fili ya faɗi irin baƙin cikin da ya sha fama da shi bayan manyan gasanni, har ya kai matsayin da ya ji ba ya son ci gaba da rayuwa. Peaty ma a 2023 ya janye daga gasar ƙasarsu don kula da lafiyar ƙwaƙwalwarsa, ya kuma yi maganar damuwa da shan barasa. Da ya dawo a Paris a 2024, zinaren ya kuɓuce masa da kashi 2 cikin 100 na daƙiƙa.

Simone Manuel ita ce baƙar fata Ba'amurkiya ta farko da ta ci zinaren ninƙaya ita kaɗai a Olamfik, a Rio 2016. Iyayenta sun sa ta a darasi ne tana shekara 4 don kawai kada ruwa ya ci ta. A 2021 likitoci suka ce atisaye ya yi wa jikinta yawa: bugun zuciya ya ƙaru, barci ya ƙi, cin abinci ya ragu, dole ta bar ruwa na makonni ana dab da gasar zaɓen 'yan wasan Olamfik. In haka ta samu gwanaye masu likitoci a gefe, ina ga yaro ɗan shekara 13 da ba ya iya buɗe baki ya ce ya gaji, don ya san nawa aka kashe a kansa?

A Ingila, wani rahoto da hukumar Swim England ta sa aka yi, wanda ya fito a 2024, ya gano cewa tsoro ya yi katutu a harkar: ana cin zalin yara, ana muzanta su kan ƙibar jikinsu, iyaye kuma na jin tsoron kai ƙara kada a ware 'ya'yansu. Hukumar ta nemi afuwa. Wato aikin uwa ko uba bai tsaya ga kai yaro da ɗauko shi ba. Sai an san wa ke horas da shi, yaya yake masa magana, kuma wa za a kai wa kuka in abu ya faru. Yaron da ya fara ƙin abinci, ko ciwon kafaɗarsa ya ƙi warkewa, ko yake kuka duk ranar atisaye, saƙo yake aikawa.

Gaskiyar da ba a son faɗi

Mutum takwas ne kawai ke shiga tseren ƙarshe na Olamfik, kuma kowace ƙasa ba ta wuce mutum biyu a tseren mutum ɗaya-ɗaya. Dubban yaran da ke tashi da asuba a kulob-kulob ba za su taɓa zuwa wurin ba. Ko a gidan su Phelps, yayarsa Whitney ta yi fice sosai tana yarinya, amma ciwon baya ya taka mata birki, ba ta samu zuwa Olamfik ba. Gida ɗaya, uwa ɗaya, kulob ɗaya.

Saboda haka duk wanda ya ɗauki wahalar nan a matsayin jarin da dole ya dawo da riba, ya ɗora wa yaro bashin da bai ci ba. Ribar da ta tabbata ita ce yaro ya iya tashi kan lokaci, ya iya shan kaye ya dawo gobe, ya samu lafiyar jiki, ya kuma iya ceton kansa a ruwa. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, kuma yara da matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Mu fa?

A wajenmu ba gwanaye aka rasa ba. Duk wanda ya kalli wasannin ruwa a bikin kamun kifi na Argungu ya san akwai yaran da ruwa ya zame musu gida. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kwami mai mita 50, da koci, da kulob mai tsari. Eric Moussambani na Equatorial Guinea a kwamin otal ya koya, bai taɓa ganin mai mita 50 ba sai da ya je Sydney a 2000, ya yi mita 100 cikin minti 1 da daƙiƙa 52.72, aka yi ta masa dariya da tafi. Daga baya shi ya zama kocin ƙasarsa.

Amma tambayar da iyayen masu ninƙaya ke fama da ita tana nan a gidajenmu, ko da ba ruwa: ƙanen da aka kai makarantar ƙwallo, ƙanwar da ke shiga gasar muhawara ko kacici-kacici, ɗalibin da gida kaf ke jiran sakamakon JAMB ɗinsa. Da yawa a cikinku ku ne yayyen da ke kai su a babur, ku ne ke sa hotonsu a Facebook in sun ci, kuma nan da 'yan shekaru ku ne iyayen. Ranar da yaron ya dawo bai ci ba, kafin ku tambaye shi na nawa ya zo, ku tambaye shi ko ya ci abinci, ku kuma saurari amsar da zai bayar in kun ce masa: har yanzu kana son abin nan?