Motar Gudu Ta Hannu: Daga Filin Dillalai Zuwa Titin Zurmi

Wanda ya tsaya a bakin tasha a Zurmi da hantsi zai gane irin motocin da ƙasar nan ta amince da su ba sai ya tambayi kowa ba. Golf ce ke jigilar fasinja zuwa Ƙaura Namoda, a cika ta maƙil har but ya ƙi rufuwa sai an ɗaure da igiya. Kanta ce ke kwasar buhunan gero da wake zuwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Hilux ta jami'an tsaro ce da 'yan siyasa. Sauran aikin duk babur ke yi. Amma idan sallah ta zo, ko aka ɗaura auren ɗan wani mai hali, wani lokaci sai baƙuwa ta shigo gari: gajeruwa, mai faɗin ƙirji, cikinta kamar zai shafi ƙasa, rurinta na isowa kafin a hango ta. Yara su bi ta a guje, samari su kewaye ta da wayoyi suna ɗaukar hoto. Tambayar da ke bakin kowa guda ce: nawa aka saye ta?

Amsar ba a Zurmi take ba, domin ba a kasa irin wannan haja a nan. Ko a Gusau, filayen sayar da motoci sun fi cika da Corolla da Camry da Honda, motocin da ma'aikaci da ɗan kasuwa ke nema. Mai son Ford Mustang, ko Dodge Charger da Challenger, ko Chevrolet Camaro, ko Marsandi mai tambarin AMG, ko BMW mai harafin M, sai ya nufi Kano ko Kaduna ko Abuja, in ta kama har Legas. Yanzu ma rabin kasuwar ta koma cikin waya. Dillali ya wanke mota, ya shafa wa tayoyi mai su yi ƙyalli, ya ɗauki bidiyo yana zagaya ta, ya tada inji a ji ƙara, ya saka a WhatsApp ko Facebook ko TikTok. Saurayi yana zaune a Moriki ko Kasuwar Daji yana kallo, zuciyarsa ta riga ta saya tun bai ga motar da idonsa ba. Daga nan asarar mutane da yawa ke farawa.

A filin motoci hajar kashi uku ce, kuma dole mai saye ya san wacce ake nuna masa. Akwai sabuwa dal, wadda a wannan aji sai ɗaiɗaikun attajirai. Akwai tokumbo, wadda aka yi amfani da ita a waje amma ba ta taɓa hawa titin Najeriya ba. Ita ce mutanenmu ke kira 'yar Kwatano ko 'yar Beljiyam, saboda shekaru da dama daga tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam ake lodo motocin Turai, a sauke su a Kwatano ta Jamhuriyar Benin. Sai kuma wadda aka riga aka hau a gida, mai lamba, wadda ta sha rana da ramuka da hannun kanikawa. Tsakanin tokumbo da ta gida akwai tazarar miliyoyi, shi ya sa wasu marasa tsoron Allah ke cire lamba, su sake fenti, su wanke inji tas, su ce jiya ta sauka daga jirgi.

Mutanen arewacin Zamfara sun san hanyar Kwatano sarai, don ta bayan gidansu take wucewa. A da direbobi kan taso da motoci a jere daga bakin teku, su ratsa Parakou, su tsallaka kogin Kwara daga Malanville zuwa Gaya, su bi Dosso da Birnin Konni har Maraɗi. Wasu su shigo ta Illela tun daga Konni, wasu ta Jibiya daga Maraɗi, wasu kuma ta ɓarauniyar hanya cikin dare. Zurmi na iyaka da Nijar ta arewa, tana iyaka da jihar Katsina ta gabas, kuma titin da ya taso daga Jibiya ya bi ta Gurbin Ɓore ya shigo garin kafin ya zarce Ƙaura. Gwamnatin tarayya ta haramta shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa daga 1 ga Janairun 2017. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin baki ɗaya, ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya ƙara datse hanyar, saboda saɓanin da ya shiga tsakanin Nijar da Benin. Duk wannan ya tura cinikin halak zuwa tashoshin ruwa na Legas, Apapa da Tin Can, ya kuma mayar da takardar kwastan wani ɓangare na jikin mota.

Ina nufin abin da na faɗa, takardar nan ce abu na farko da ke yanka farashi. Motoci biyu iri ɗaya, shekara ɗaya, launi ɗaya, suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, amma ɗaya ta fi ɗaya araha nesa ba kusa ba. Ka tambayi dalili, dillali ya sassauta murya ya ce, "Alhaji, wannan ba ta da duti, amma ai a gida za ka riƙa hawa." Arahar nan ba araha ba ce. Ranar da ka haɗu da jami'an kwastan a hanyar Funtuwa ko Zariya za a iya ƙwace motar, kuma kuɗin fansarta ya haura abin da ka yi murnar ragewa. Akwai kuma wadda aka biya mata rabin duti, aka rubuta mata shekarar da ba tata ba don haraji ya sauka. Tun daga 2022 kwastan ke ƙiyasta harajin mota da lambar jikinta, wadda ake kira lambar shasi, don haka wannan dabara ta yi wuya, sai dai motocin da suka shigo kafin nan suna nan suna yawo daga hannu zuwa hannu.

Abu na biyu da ke yanka farashi shi ne dala. A farkon 2023 canjin gwamnati yana wajen naira 460 a kan dala ɗaya. A watan Yunin shekarar aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Lissafin a fili yake. Motar da aka saya dala 20,000 a Amurka, a tsohon canji naira miliyan 9 da dubu 200 ce. A canjin 1,500 ta zama miliyan 30, tun ba a biya kuɗin jirgi ba, ba a biya kwastan ba, ba a biya mai fito da ita daga tasha ba, ba a ɗora ta a tirela zuwa arewa ba. Shi kansa harajin kwastan da canjin dala ake lissafa shi. Saboda haka idan dillali ya faɗi kuɗi ka ji kamar ya zage ka, ba kullum ne haɗama ba. Da yawansu sun sayar da mota da riba a takarda, suka koma saro wata suka tarar kuɗin bai kai ba.

Sai abu na uku, wanda shi ne zuciyar wannan kasuwa, kuma shi ne ba a faɗa a bidiyo: tarihin motar. Mai motar gudu a Amurka ba don kai yara makaranta ya saye ta ba. Don ya taka ta ya saya. Da yawa daga cikin waɗanda ke isowa nan sun fito ne daga gwanjon kamfanonin inshora, irin su Copart da IAA, inda ake sayar da motocin da suka yi hatsari har inshora ta ga gyaransu bai biya ba. A can an yi musu rajista a matsayin waɗanda suka lalace. A nan kuwa mai gyaran bodi ya buga, fenta ya fesa, a sa sabuwar bamba da fitilu, ta fito tana sheƙi. Ba kowace mai hatsari ce matacciya ba. Wadda aka daka a ƙofa ko a baya, aka gyara da kyau, aka gaya wa mai saye gaskiya, aka rage masa kuɗi, wannan ciniki ne na halak. Wadda shasinta ya lanƙwashe aka miƙe da wuta, ko jakar iskar da ke kare direba ta fashe aka liƙe wurin aka kashe fitilar gargaɗi, wannan akwatin gawa ne mai tayoyi, ballantana a motar da aka ƙera don gudun da ya wuce kilomita 200 a awa.

Wadda ta fi ban tsoro ita ce wadda ruwa ya ci. Guguwar Harvey da ta afka wa birnin Houston a 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci, haka ambaliyar Dubai ta Afrilun 2024 ta lalata masu yawa, kuma Dubai na cikin wuraren da 'yan kasuwarmu ke saro manyan motoci. Motar da ta kwana cikin ruwa ba ta nuna ciwonta a jiki. Sai an yi wata uku ko huɗu wayoyin wuta su fara tsatsa daga ciki, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, jibi ta mutu a tsakiyar daji. Gogaggen bakanike ya san inda zai duba. Zai ɗaga kafet ya sunsuna, ya leƙa ƙarƙashin kujera ya ga ko ƙusoshi sun yi ja, ya zaro bel har ƙarshe ya nemi alamar laka. Zai bi jikin motar da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa ya san an cike da foti. Zai jona na'urar bincike ta karanta abin da kwamfutar motar ta ɓoye. Zai kuma tuna maka cewa agogon motar Amurka da mil yake ƙirga, mil ɗaya kuwa ya haura kilomita ɗaya da rabi, sannan shi ma agogon ana iya mayar da shi baya. Lambar shasi mai harufa da lambobi 17 kuwa, idan aka saka ta a Carfax ko makamancinsa, sau da yawa har hoton motar ranar da aka yi gwanjonta ana iya samowa a intanet. Kuɗin wannan bincike bai kai na cika tanki sau ɗaya ba, amma mutane kan ji nauyin yi, wai kada dillali ya ga kamar ba a yarda da shi ba.

Shi cinikin kansa bai bambanta da na shanu a kara ba. Mai mota sau da yawa ba ya wurin, dillali ne ke tsaye, bayansa akwai wani dillalin, bayan wannan ma akwai wanda ya kawo mai saye, kowa na jiran la'adarsa. A ce ka taya. Ka taya, a ce albarka. A ja ka gefe a ce, "Ranka ya daɗe, ƙara wani abu in kira shi, wallahi jiya wani ya ba da fiye da haka aka hana." A yi waya, a dawo, a sake ja, har a kai ga sallamawa. Ina girmama dillalan da suka riƙe amana, kuma suna nan, waɗanda za su ce maka kai tsaye an taɓa fenti a nan, an sauke inji a can. Irinsu ne mutum ke komawa wurinsu shekara goma, ya turo ƙaninsa da abokinsa. Sana'ar ta ginu ne a kan suna, kuma wanda ya sayar wa ɗan garinsu ruɓaɓɓiyar mota ya san za su haɗu a wurin ɗaurin aure ko jana'iza.

To a ce an dace, motar lafiyayya ce, takardu sun cika. Saura ƙasar da za a kai ta. Motar gudu an ƙera ta ne ta kwanta a kan kwalta mai santsi, tsakanin cikinta da ƙasa bai kai taƙi guda ba. Tayoyinta sirara ne a gefe, rami ɗaya mai kaifi ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa rim. Wanda ya san titunan da ke tsakanin Ƙaura da Zurmi da Shinkafi da damina, ya san yadda ruwa ke cin gefen hanya, ya kuma san tudun rage gudu da ke bakin kowane gari da kowane shingen bincike, ya san abin da ke jiran bamba da salansa. Injin Mustang GT silinda takwas ne, lita 5. Na Challenger Hellcat lita 6.2 ne mai ƙarfin doki 707. Irin waɗannan injuna tataccen fetur suke so, mu kuwa iri ɗaya ake sayarwa a gidan mai, in ya yanke a koma wurin 'yan bumburutu. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haye 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Idan ta lalace kuma, bakaniken Golf da Fijo, duk iya aikinsa, ba shi da na'urarta. Kayan gyaranta ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ba lallai a samu ba, sai an aika Ladipo a Legas ko an yi odar su daga waje da dala. Kamfanin Dodge ma ya daina ƙera Challenger a ƙarshen 2023, Chevrolet ta tsayar da Camaro a daidai wannan lokaci.

Akwai kuma maganar da ba a son faɗa da ƙarfi. A yankin da garkuwa da mutane ta addaba, inda masu kai wa 'yan bindiga rahoto ke zaune cikin jama'a, motar da ake jin ƙararta daga bakin gari sanarwa ce. Masu hali da yawa a ƙasar nan sun koma hawa tsohuwar mota mara ɗaukar ido idan za su zo gida, kuma ba rowa ce ta sa su ba.

Ranar sayarwa ake gane gaskiyar farashi. Corolla ko Hilux, ka kai ta fili da safe, kafin la'asar an taya. Motar gudu kuwa masu sonta da yawa, masu sayenta kaɗan. Sai ta yi watanni a rana, fenti na ƙonewa, batir na mutuwa, mai ita na rage kuɗi, har ya sallama da asarar da ba zai so a sani ba.

Ban ce kada kowa ya saya ba. Son abin hawa mai kyau tsohon abu ne a wurinmu, kakanninmu sun kashe dukiya a kan ingarman doki da sirdi da linzami, amma ba su taɓa saye ba sai sun buɗe bakinsa sun duba haƙora. Ɗan'uwa, idan ka yi niyya, kada ka tura ko sisi saboda bidiyo. Je ka da ƙafarka, tafi da bakaniken da kai ka zaɓa ba wanda dillali ya kawo ba, karɓi lambar shasi ka bincika, kai takardar duti ofishin kwastan a tabbatar maka da ita, sannan a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu kafin ka karɓi makulli.