Ɓarakar da ta kwana shekara goma sha ɗaya cikin Linux

Duk wayar Android da ake ciniki a kasuwannin Maraɗi, Ƙonni ko Jibiya tana tafiya ne bisa wata manhaja mai suna Linux, wadda ita ce ke raba wa sauran manhajoji wurin ajiya cikin ƙwaƙwalwar waya.

Ga yadda rabon yake. Linux ba ya nuna wa manhaja ainihin inda kayanta suke. Lambar aro yake ba ta, shi kuma ya riƙe kundin da ke fassara lambar zuwa wurin gaskiya, shafi-shafi, galibi kowane shafi bayit 4096. Kamar mai sito ne da ke ba ɗan kasuwa tikiti, shi kaɗai ya san lungun da buhun yake. In manhajoji biyu suna karanta shafi ɗaya, ba a wahalar kwafe shi, sai ran da ɗaya ta so yin rubutu a yi mata nata kwafin, na asali ya zauna lafiya.

A nan ɓarakar take. In ɓarawo ya sa hannu ɗaya yana rubutu, ɗayan kuma yana ta cewa a zubar da kwafin, sau dubbai cikin ƙiftawar ido, akan dace kundin ya rikice, rubutun ya sauka kan shafin asali. Da haka ƙaramar manhaja ke sauya fayil ɗin da ba ta da izinin taɓawa, ta zama mai gidan waya. An laƙaba wa cutar suna Dirty COW, wato ƙazamar saniya.

A watan Oktoba 2016 Linus Torvalds, mutumin Finlan da ya ƙirƙiro Linux a 1991, ya fitar da gyara, ya kuma ce tun 2005 ya gwada toshe ta, amma aka warware gyaran don ya kawo matsala ga manyan injunan IBM samfurin s390. Sabon gyaran layuka kaɗan ne: kafin a bari rubutu ya wuce, a duba alamar da ke kan kundi a tabbatar kwafin yana nan. Ko shi ma bai cika ba, sai da aka ƙara wani a ƙarshen 2017 saboda manyan shafuka.

Abin da ya fi damunmu shi ne wayoyi. Google ya sa gyaran cikin Android a ƙarshen 2016, amma sai kamfanin da ya ƙera waya ya aiko shi, kuma tsoffi da masu araha da yawa ba su samu ba. A 2017 kamfanin Trend Micro ya gano wata muguwar manhaja, ZNIU, tana shiga ta wannan ƙofa.

Mai sayen waya ta hannu, balle wadda zai riƙa aika kuɗi da ita, ya buɗe saiti, wurin bayanin waya, ya duba kwanan watan gyaran tsaro. In bai kai Disamba 2016 ba, mu dai ba za mu sa mata asusunmu ba.