Kaza da ƴaƴanta: sunan gargajiya da kalmomin ilimin taurari

1. A Maraɗi da Tibiri da Jiratawa, kamar sauran ƙasar Hausa, ana kiran wani tarin taurari da sunan kaza da ƴaƴanta. Ana ganinsa da almuru a lokacin ɗari, ya ɓace wajen watan Mayu, sa'an nan ya sake fitowa da asuba a watan Yuni, gab da shuka. Wannan tari shi ne abin da masana ke kira amas da Faransanci. Tambayar da ke gaban masu shirya littattafan yaƙi da jahilci ita ce: shin sunan gargajiya ya isa a yi bayanin kimiyya da shi?

2. Sunan yana nuna uwa da ƴaƴa, alhali kuwa babu uwa a cikin tarin. Taurarinsa sun haura 1000, daga gajimaren iska guda suka samu a zamani guda, kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce. Ashe tsarar juna ne. A kan wannan ne hanyar ƙiyasta shekaru ta dogara: manyan taurari masu shuɗin haske suna saurin ƙone makamashinsu, ƙanana kuwa suna daɗewa. In an auna haske da launin mafi girma da suka rage, sai a san shekarun tarin duka. Tun 1911 Ejnar Hertzsprung ya buga irin wannan awo game da kazar.

3. Abin da taurari suka ƙunsa ana gane shi ne ta hanyar rarrabe haskensu launi-launi. Mafi yawansa idrojen ne da eliyom, kamar yadda Cecilia Payne ta nuna a 1925. Ƙarfe da makamantansa a cikin taurarin da suka gabata aka ƙera su; saboda haka tarin da ya kai shekara miliyan dubu 12 ƙarfensa kaɗan ne ƙwarai.

4. Ana yin wannan awo har a wajen galaksinmu, wato babbar rundunar taurarin da rana take ciki. A 1932 Edwin Hubble ya lissafa tari 140 a galaksin Andromed, wanda haskensa ke yin shekara miliyan 2 da rabi kafin ya iso mu, amma ana hangensa da ido daga karkarar Maraɗi a daren da ba farin wata. Shekarun tarin suna nuna lokacin da galaksin ya yi ta haihuwar taurari.

5. Shawara: a riƙe kaza da ƴaƴanta a matsayin suna na wannan tari kaɗai. A ɗauki gungu don fassara amas, tsara don taurarin gungu ɗaya, galaksi kuma a bar shi aro. In aka haɗa ma'anonin a ƙarƙashin kalmar taro, mai karatu ba zai bambance gungu da galaksin da ke ɗauke da shi ba.