Daga Gatarin Aradu Zuwa Hoton 3D: Yadda Wayar Hannu Ke Adana Zane-zanen Zamanin Dutse

Manoma a ƙasar Hausa sun daɗe suna tsintar wani ɗan dutse mai santsi, mai kaifi a baki ɗaya, idan suna huɗa. Sunansa gatarin aradu, domin an ɗauka tsawa ce ke jefo shi daga sama. Masana binciken kayan tarihi sun tabbatar da cewa hannun ɗan Adam ne ya sassaƙa shi, ya goge shi har ya yi kaifi, tun kafin a san ƙira. Wannan lokaci shi ake kira Sabon Zamanin Dutse, lokacin da mutane suka fara kiwo da noma da ginin tukwane.

Mutanen wancan zamani sun bar zane-zane a jikin duwatsu, kuma da yawansu suna dusashewa. Abin da zai ba matasa sha'awa shi ne, wani ɓangare na aikin da a da sai da manyan na'urori ake yinsa don adana su, yau wayar da ke aljihun ɗalibi a Tudun Wadan Zariya za ta iya yinsa.

Abin da aka gano a Nijar da Najeriya

Mafi shahara a wannan yanki su ne raƙuman dawa na Dabous, a gefen tsaunukan Ayar, tsakanin Agadas da Arlit a Jamhuriyar Nijar. Raƙuman dawa biyu ne aka sassaƙa a kan shimfiɗaɗɗen dutse, babban ya kai tsawon mita 5.4, wato girman dabbar na gaskiya. Wani Bafaranshe mai bincike, Christian Dupuy, shi ya rubuta bayaninsu a 1987. An ƙiyasta shekarunsu tsakanin 6,000 zuwa 8,000, kuma a duwatsun da ke kewaye da su akwai wasu zane-zane sama da 800.

Me ya kai raƙumin dawa cikin hamada? A lokacin Sahara ba hamada ba ce. Daga kimanin shekaru 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, akwai ciyawa da tafkuna da namun daji a wurin. Abin da mai zanen ya gani da idonsa shi ya sassaƙa.

A Najeriya kuwa, Birnin Kudu ta jihar Jigawa ce kan gaba. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai hotunan shanu da aka zana da jan launi a ƙarƙashin inuwar duwatsu, waɗanda Bernard Fagg ya yi nazarinsu a tsakiyar shekarun 1950. Shanun ba su da tozo, saɓanin shanun da ake kiwo a Arewa yau, abin da ke nuna irin dabbobin da aka yi kiwo kafin masu tozo su yawaita. A nan ne kuma ya bayyana duwatsun da ke yin amo kamar ƙararrawa idan an buga su. Akwai irin waɗannan zane-zane a Geji da Shira a jihar Bauchi.

Zariya ma tana da nata rabon tarihi. Dutsen Kufena yana cikin wuraren tarihi da dokar ƙasa ta kare, kuma a kewayensa akwai ragowar ganuwa da tsingaron tsofaffin tukwane. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen nazarin kayan tarihi a Samaru, tafiyar mota ɗaya daga Tudun Wada.

Yadda ake sanin shekarun abu

Duk abu mai rai yana ɗauke da sinadarin kabon-14. Idan ya mutu, sinadarin yakan riƙa raguwa, rabinsa yana ɓacewa a duk shekara 5,730. Da auna abin da ya saura ake lissafa shekarun gawayi ko ƙashi ko itace. Ta haka aka gano cewa kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya a yankin da yanzu yake jihar Yobe, ya kai kimanin shekara 8,000.

Sassaƙen dutse bai taɓa yin rai ba, saboda haka wannan awo ba ya aiki a kansa kai tsaye. Sai an dogara da abin da ke kusa da shi: gawayin da ke ƙasa, tsingaro, irin dabbar da aka zana. Shi ya sa gatarin aradun da aka ɗauke daga inda yake aka sa a aljihu ya yi asarar yawancin labarinsa.

Abubuwa uku da waya ke iya yi

Na farko shi ne fito da launin da ya dushe. A 2005 wani Ba'amurke, Jon Harman, ya ƙirƙiro manhajar DStretch bisa dabarar da hukumar NASA ke amfani da ita wajen tace hotunan tauraron ɗan Adam. Manhajar tana ɗaukar launukan da suka yi kusa da juna, kamar jan fenti da jan dutse, ta faɗaɗa bambancin da ke tsakaninsu. Sai saniyar da ido ba ya gani ta fito ɓaro-ɓaro. Akwai ta waya: aDStretch a Android, iDStretch a iPhone.

Na biyu shi ne haɗa hoton 3D. Mai waya zai zagaya dutsen yana ɗaukar hotuna masu yawa, kowane hoto yana maimaita fiye da rabin wanda ya gabace shi. Manhaja irin su Polycam ko KIRI Engine za ta nemo ɗigon da ya bayyana a hotuna daban-daban, ta lissafa nisansa, ta gina siffar dutsen da za a iya jujjuyawa a fuskar waya. Wayoyin iPhone masu lambar Pro, daga 12 Pro ta 2020, suna da na'urar LiDAR mai auna nisa da haske, amma kyamarar Tecno ko Infinix mai kyau ma ta wadatar.

Don a ga bambancin: a 1999, da aka so yin kwafin raƙuman Dabous, sai da aka shafa wa dutsen roba aka ɗauki siffarsa, sannan aka zuba ta da alminiyam. Ɗaya daga cikin kwafin yana filin jirgin saman Agadas. Yau ana ɗaukar siffar dutse ba tare da an taɓa shi ba.

Na uku shi ne haske. Sassaƙen da ya shafe ba ya fitowa da tsakar rana. Da sassafe ko da la'asar sakaliya, ko kuma idan an haska tocilar waya daga gefe, kowane ɗan rami yakan yi inuwa, layukan su bayyana.

Inda waya ke iya yin ɓarna

Idan an kunna GPS, kowane hoto yana ɗauke da ainihin wurin da aka ɗauke shi. Wannan bayani yana da amfani ga masana, yana kuma da amfani ga ɓarayin kayan tarihi. Abin da ya sami gumakan Nok a kudancin Kaduna, waɗanda aka haƙe da yawa aka sayar a ƙasashen waje, ya isa darasi. Don haka a ajiye asalin hoton, a cire bayanin wurin kafin a ɗora a Facebook ko TikTok, kuma kada a faɗi hanyar zuwa wurin. Idan za a aika wa masani ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, domin turawa ta yau da kullum tana rage ingancin hoto.

Sauran ƙa'idojin masu sauƙi ne. Ba a zuba wa zane ruwa don ya fito. Ba a bin layinsa da alli ko gawayi. Ba a taɓa shi, ba a rubuta suna kusa da shi. A ajiye ruler ko biro a gefe don a san girmansa, a ɗauki hoton kusa da na nesa. Haƙa kuwa doka ta hana sai da izinin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Ita ce ake kai wa rahoto, ta gidan tarihinta na Kaduna ko Gidan Makama a Kano, ko kuma a sanar da malaman sashen na Samaru.

Akwai dalilin gaggawa. Ruwan sama da rana suna cin fentin sannu a hankali, masu rubuta sunayensu suna rufe shi, masu fasa dutse kuma nakiya ɗaya ta ishe su shafe abin da ya shekara dubbai. Gidan Tarihin Birtaniya ya fara ɗora hotuna kusan 25,000 na zanen duwatsun Afirka a intanet daga 2013, har da na Najeriya da Nijar, kowa na iya dubawa kyauta. Amma wannan taska ta ƙunshi wuraren da masu bincike suka kai ƙafa ne kawai. Duwatsun da makiyaya da manoma da 'yan yawon hawan dutse suka sani sun fi haka yawa, kuma su ne ke riƙe da wayoyin da za su iya ɗaukar hotonsu tun zanen yana nan.