Alhaji Alhasan Ɗantata: marayan Bebeji wanda gidansa bai rushe ba

A ƙasar Kance, tun daga Tsauni da Matamaye har kan iyakar Ɗan Barto, dattawa ba su manta da zamanin gujiya ba, wadda Kanawa ke kira gyaɗa. A farkon wannan ciniki, buhunan da aka auna a kasuwannin kudancin Damagaram Kano suke nufa, inda jirgin ƙasa ke kwashe su zuwa bakin teku a Ikko. Duk mai bin tarihin wannan fatauci kuwa, tilas ya tsaya a kan sunan Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu fiye da shekara 70 da suka wuce, amma ƴaƴansa da jikokinsa suka riƙe abin da ya kafa.

Maraici da almajiranci

An haifi Alhasan a garin Bebeji na ƙasar Kano a shekarar 1877. Iyayensa Agalawa ne, wato fataken nan da masana tarihi ke danganta asalinsu da ƙasar Abzin. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu tun Alhasan yana ƙaramin yaro. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ta koma birnin Ankara na ƙasar Gana ta yau, ta bar shi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga sunan wannan baiwar Allah da ta raine shi aka samo laƙabin Ɗantata.

Ya yi karatun allo kamar sauran yara, yana haɗawa da ƴan saye-saye da sayarwa domin ya ci da kansa. Yaƙin basasar Kano da ya ɓarke a 1893 ya same shi yana saurayi, ya ga yadda dukiyar mutane ke salwanta dare ɗaya. Da ƙura ta lafa, sai ya bi hanyar kakanninsa, ya shiga fataucin goro zuwa Gwanja.

Daga goro zuwa gujiya

A nan basirarsa ta fara bayyana. Sauran fatake na kwashe watanni a tafe da jakuna, suna biyan fito da kuɗin hanya a kowace ƙasa. Shi kuwa yana cikin na farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko. Kayansa kan iso da wuri, kuɗinsa kuma ya juya sau da yawa a shekara.

Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka buɗe sayen gujiya, sai dai ba su san ƙauyuka ba, manoma kuma ba su san su ba. A 1918 kamfanin Niger Company ya nemi Ɗantata ya zama mai saya masa. Dabararsa ita ce amana: yakan ba yaransa jari tun kafin kaka, su bazu cikin karkara su saya, su kawo, a yi lissafi. Wanda ya cika alkawari a ƙara masa, har shi ma ya tsaya da ƙafafunsa. Buhunan da ake jerawa kafin samun taragu su ne suka zama dalar gyaɗa da Kano ta shahara da ita.

A 1929, sa'ad da bankin Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano, an ruwaito cewa Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. Duk da haka an shaide shi da tsimi da sauƙin rayuwa, da sa ido a kan lissafi da kansa. Lokacin da Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga watan Agusta 1955, ana ƙidaya shi attajiri mafi dukiya a Afirka ta Yamma.

Wasiyyar da aka riƙe

Babban abin lura a tarihinsa ya zo ne a ƙarshen rayuwarsa. Da ciwo ya tsananta, ya tara ƴaƴansa ya yi musu wasiyya su zauna tare, kada su bari kamfanin ya wargaje. Ɗansa Ahmadu ya karɓi ragama har rasuwarsa a 1960, sannan Aminu, wanda aka haifa a 1931, ya gaje shi. Alhaji Aminu ya rasu ranar 28 ga watan Yuni 2025, aka yi masa sutura a Madina. Alhaji Sanusi kuwa, wanda ya rasu a 1997, shi ne mahaifin Hajiya Mariya, mahaifiyar Aliko Ɗangote, mai matatar man da aka ƙaddamar kusa da Ikko a 2023. Kyan ɗa ya gaji ubansa, in ji masu iya magana.

Abin da ya shafi ƙasar Kance

Gujiya ta yi zamaninta ta wuce. Kamfanin SONARA da gwamnatin Nijar ta kafa a 1962 domin sayenta ya ga kakar albarka, sannan farin 1973 da cutar da ta afka wa shuka a 1975 suka karya cinikin. Gidan Ɗantata bai faɗi tare da gujiya ba, domin ƴaƴan sun tashi da sanin aiki, suka juya zuwa gine-gine da sufuri da masana'antu.

A Tsauni da maƙwabtanta akwai iyaye da kakanni da yawa da suka ƙare rayuwarsu tsakanin gona da kasuwa, ba tare da an rubuta sunansu a ko'ina ba. Abin da kan biyo bayan rasuwar irinsu sananne ne: a raba gona gida goma har ta kasa ci da kowa, a raba jarin kanti har ya ƙare, matasa su kama hanyar cin rani. Rabon gado hukuncin Allah ne, kuma ba ya hana magada su haɗa rabonsu su ci gaba da aiki tare, in dai uba ya koya musu sana'ar tun yana da rai, ya kuma bar musu lissafi a rubuce. Wannan ya shafi ɗan kasuwa, ya shafi ma'aikacin gwamnati mai jiran fansho.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhasan Ɗantata da dukan magabatanmu da suka ci da iyalinsu da gumin halal, ya sa Aljanna ce makomarsu, amin.