Albarushi Da Ma'auni: Nasiha Ga Maharban Gubuchi Da Masu Sayar Musu

Idan kaka ta yi, aka kawar da dawa da masara daga gonaki, ciyawa ta bushe, a sa'an nan ne maharban Gubuchi da na sauran ƙauyukan Makarfi da Ikara da Kudan suke sauko da bindigoginsu daga marataya. Wannan yanki ƙasar rake ce da mazarƙwaila, gyazbi kuwa ba shi da abin so kamar rake, saboda haka bindigar toka a wurin manomi kayan aiki ce kamar fartanya. Sai dai fartanya ba ta juyowa ta sari mai ita, bindiga kuwa tana yi. Galibin sababin wannan masifa abu guda ne, watau ɗuri ba bisa ma'auni ba.

Asalin bindigar toka

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasashen nan. Limam Ahmad ɗan Furtuwa ya rubuta yadda Mai Idris Aloma na Barno ya yi yaƙi da 'yan bindiga a ƙarni na 16. Tarihin Kano ya ambaci Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, a kan shi ne Sarkin Kano na farko da ya ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. A Damagaram kuwa, zamanin Sarki Tanimun, har igwa aka ƙera a birnin. Ta kudu ma bindigogi sun shigo daga bakin teku. Turawa suna kiran irin wannan doguwar bindiga da sunan mutanen Danmak, domin su ne suka shahara da cinikinta a gidansu na Ankara kafin su sayar wa Ingila da wuraren nasu a 1850.

A 1890 manyan ƙasashen Turai suka taru a Birasels, suka ƙulla cewa kada a sayar wa mutanen tsakiyar Afirka bindigogin zamani, sai masu ƙanƙara da albarushin ciniki. Sakamakon haka ya bayyana a Kano da Sakkwato a 1903, sa'ad da masu dawaki da baka da bindigar ɗuri suka fuskanci bindiga mai ruwa. Daga nan bindigar toka ta bar fagen yaƙi, ta zauna a hannun maharba da 'yan bindigar sarki masu bugawa ran hawan salla.

Yadda masu gasa suke yi

A Amurka da ƙasashen Turai akwai mutane waɗanda ba dabba suke harbi ba, takarda suke harbi, kowa na neman harsashinsa ya faɗa tsakiyar baƙi. Harbi yana cikin wasannin Olimfik tun na farko da aka yi a Atina a 1896. Daga cikin kayan masu wannan gasa akwai libarba, ƙaramar bindiga mai tukunya mai juyawa, wadda Samuel Colt ya karɓi takardar mallakar ƙirarta a 1836. Da yawansu ba su sayen harsashi gamamme. Sukan tsince kwanson da suka harba, su wanke, su duba ko ya tsage, sa'an nan su sake cika shi da hannunsu.

Abin lura ga mai hankali shi ne tarbiyyar da suke yin aikin da ita. Albarushi a wurinsu ba a ɗibarsa da ido, sai a kan mizani, da wani awo ƙanƙane wanda kamar 15 nasa ne suke cika giram ɗaya. Suna da littattafan da masu yin albarushin suka buga, masu nuna iyakar da ba a ƙetarewa. Kowane ɗuri ana rubuta shi a littafi da ranarsa. Har wa yau, mai neman saiti ba ya ƙara albarushi, ragewa yake yi, domin ɗuri mai sauƙi ya fi zaunar da hannu. Ita kanta libarbar akan gyara mariƙinta daidai da tafin mai ita, a daidaita abin aunawa, a lallausa kunamarta. Amma ko wannan da iyaka. A gasar mita 25 alƙali yakan rataya wa kunamar nauyin giram 1000, in ta tashi da wannan nauyi ba a yarda a shiga fili da ita, gudun kada ta tashi ba da nufi ba. Kuma akan toshe kunne, a rufe ido da tabarau.

To, maharbin Gubuchi bai gaza waɗannan ƙarfin zuciya ko kaifin ido ba. Shi ma da hannunsa yake ɗura bindigarsa, kamar yadda ya gada. Abin da suka fi shi kawai awo ne da rubutu.

Abubuwan da ke fasa bindiga

Na farko, ƙari a kan ƙima. Wani yana zaton yawan albarushi shi ne nisan harbi, alhali ƙarfen da maƙeri ya sarrafa yana da iyakar abin da yake ɗauka, tsatsa kuma tana cinsa ta ciki inda ido ba ya gani.

Na biyu, kuma shi ne mafi muni, a farke harsashin zamani a juye abin da ke cikinsa a bindigar toka. Wannan albarushi marar hayaƙi, wanda wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya ƙaga a 1884, ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi, an yi shi ne domin ƙarfen da aka jarraba a masana'anta. Wanda ya zuba shi a bindigar maƙera ya rungumi ajalinsa a kafaɗa.

Na uku, ɗuri biyu a kan juna saboda mantuwa, ko barin sarari tsakanin albarushi da darma, ko ƙasa da ta toshe bakin bindiga sa'ad da aka dogara ta. Na huɗu, zuba albarushi daga cikin ƙaho kai tsaye bayan an harba, alhali la'alla akwai sauran wuta a ciki. Na biyar, bindiga ta ƙi tashi, sai mai ita ya juyo ta ya leƙa. Wani ɗurin jinkiri yake yi kurum. Wajibi ne a bar bakinta yana duban inda ba mutum, a saurara tukuna.

Akwai kuma cuta ta shida wadda ba ta ƙara. Darma guba ce, musamman ga ƙananan yara. A 2010 gubar darma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Saboda haka kada a narka darma a tsakar gida, ko a tukunyar da za ta koma madafa, kuma a yanke naman da ke kewaye da raunin a yar.

Abin da malamai suka faɗa

Almajiran fiƙihu sun san wannan mas'ala ba sabuwa ba ce. Shaihu Dasuƙi, a Hashiyarsa a kan sharhin Dardiri na Muhtasar, ya bayyana cewa magabata ba su bar nassi a kan farauta da harsashin darma ba, domin albarushi bai bayyana ba a zamaninsu. Na baya suka saɓa. Waɗansu suka hana, suna ƙiyasi da dunƙulen yumɓu, wanda dokewa yake yi ba hudawa ba. Waɗansu kuwa, kamar Ibnu Gazi da Abdulƙadir Alfasi, suka halatta, domin darma tana hudawa, ta zubar da jini, ta gama da dabba da sauri. Sharaɗi shi ne niyya da ambaton sunan Allah lokacin harbi, in kuma an riski dabbar da ranta a yanka ta. Risala ta karhanta farauta domin wasa kawai. Muhtasar kuma yana da babi a kan tsere da gasar harbin kibiya, inda aka sharɗanta a san wurin tsayawa da abin harbi da adadin samu. Ashe gasa bisa ƙa'ida abu ne da littattafan zaure suka riga suka sani.

Abin da doka ta faɗa

Dokar bindigogi ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 1959, ta kasa bindigogi kashi uku. Libarba da fistol suna kashin da aka hana, ba mai riƙe su sai da iznin Shugaban Ƙasa. Bindigar harbin tsuntsu da ire-irenta suna ƙarƙashin lasin na Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka kuwa al'amarinta yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasin, kuma ƙera bindiga ko gyaranta ko haɗa harsashi ba tare da izni ba laifi ne. Watau abin da mai gasa yake yi a ɗakinsa a Amurka, a nan yana iya kai mutum gidan yari. A wannan zamani na 'yan fashin daji kuwa, wanda aka kama da bindiga ba takarda yakan sha wuya kafin a yarda maharbi ne.

Ya ku 'yan kasuwa, wanda ya san darajar mudu a kan hatsi ya kamata ya san darajarsa a kan wuta. Kada a sayar wa yaro albarushi, ko baƙon da ba a san mai masaukinsa ba, kada a ajiye shi kusa da murhu ko fitila, kada kuma a yi cinikinsa ba lasin. Ya ku malamai, maharba suna zuwa neman addu'a kafin fita daji. A haɗa musu addu'ar da nasiha, a gaya musu ganganci daban ne, tsautsayi daban. Sarkin Baka na kowane gari kuma ya tara mutanensa kafin farauta, a duba kowace bindiga, wadda ta tsage a karya ta, a tsayar wa kowacce ma'auninta guda da ba a wucewa. Hannun da ya tafi ba maƙerin da yake ƙera wani.