Kalmar "Spark": Ma'anarta da Amfaninta

Ɗalibai kan ci karo da kalmar spark a darasin Turanci da na kimiyya, wasu kuwa ma'ana ɗaya tak suka sani. Bari mu dube ta da kyau.

Asalinta daga tsohon Turanci ne, wanda aka yi magana da shi a Ingila fiye da shekara 1,000 da suka wuce. A lokacin ana cewa spearca, wato ɗan burbushin wuta da ke tashi daga itace mai ci. Mu Hausawa muna ce masa tartsatsi. Duk wanda ya tsaya a maƙera ana zuga, ko ya ga tsoho ya buga ƙyastu, ya san abin da ake nufi.

Da ilimin lantarki ya zo, sai kalmar ta shiga inji. Abin da makanikai ke kira fulogi, sunansa na Turanci spark plug. Shi ke ba da tartsatsin da ke kunna man fetur a cikin babur da mota. A 1902 ne kamfanin Bosch na Jamus ya fito da irin wanda ya karɓu a duniya.

Turawa kuma kan mai da kalmar aikatau, ma'anarta haddasa. In an ce magana ta yi spark ɗin rigima, ita ce ta tayar da ita. Bright spark kuwa yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, amma sau da yawa gatse ne. A nan Nijeriya mukan ji an ce wane ya yi spark, wai ya fusata. Wannan Turancin kasuwa ne, kada ku rubuta shi a jarrabawar WAEC.

Abu ɗaya ya haɗa ma'anonin nan: ƙaramin abu mai jawo babba. Gobarar Landan ta 1666 daga gidan burodi guda ta tashi, ta cinye gidaje fiye da 13,000. Mu ma a Babban Mutum mun san ɓarnar da tartsatsi ɗaya kan yi wa rumbun gero da hunturu. Shi ya sa Manzo Yakubu, a sura ta 3 ta wasiƙarsa, ya kwatanta harshe da 'yar wutar da ke cinye kurmi. Tsegumi a ɗakin kwana ko a aji ya isa ya raba abokai, domin magana zarar bunu ce. Ubangiji ya taimake mu mu riƙe harshenmu.